Laifin mai jifa ne ko na mai cafka? Inda masu rubuta makin sofbol ɗin yara ke kuskure

A filayen sofbol (wasa mai kama da besbol) na yara a Amurka, galibi uwa ko uban wata 'yar wasa ne ke riƙe littafin maki, ko manhajar GameChanger a waya. Aikin sa-kai ne, kuma wurin da alƙalami ya fi zamewa shi ne idan ƙwallo ta wuce mai cafka, wato mai tsugunawa bayan mai bugu, ta gangara baya, masu gudu suka ƙara tasha, wato suka matsa gaba a zagayen da suke yi don cin maki.

Doka ta raba abin biyu. Idan jifar ta yi sama sosai, ko gefe, ko ƙasa, har mai cafka ba za ta iya tsare ta da ƙoƙarin da aka saba ba, laifin mai jifa ne, a rubuta WP (wild pitch, jifar da ta kauce). Idan kuwa ƙwallo ta zo daidai, ta taɓa safar hannu ta suɓuce, na mai cafka ne, a rubuta PB (passed ball, ƙwallon da ta wuce mai cafka).

Babban kuskure shi ne ɗora wa mai cafka ƙwallon da ta daki ƙasa. Mai rubutu ya ga yarinya ta juya tana bin ƙwallo a guje, sai ya ce ai ita ta sake ta. A'a. Jifar da ta taɓa ƙasa kafin ta isa faifan gida, inda mai bugu ke tsayawa, WP ce, ko da mai cafka ta durƙusa ta tare da ƙirji ta kasa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a rukunin 'yan ƙasa da shekara 10, inda ake jifa daga nisan ƙafa 35, yarinya tana kan koyon juya hannu ne, jifa da yawa a turɓaya suke ƙarewa. Ita kuwa mai cafka tana tsugune cikin kwalkwali da sulken ƙirji, gwiwoyi duk ƙura, a ƙarshen kakar wasa kuma a nuna wa koci lissafin da ya ce ba ta iya riƙo ba. Ma'aunin da ya dace shi ne abin da sa'arta za ta iya, ba 'yar jami'a ba. Gyaran mai sauƙi ne: kalli inda ƙwallo ta fara sauka, ba inda ta tsaya ba.

Wasu kuma duk ƙwallon da ta wuce sai sun rubuta. Idan babu mai gudun da ta ƙara tasha, babu WP, babu PB. Jifa ɗaya kuma alama ɗaya ce, ko mutum uku suka matsa.

Sai masu sa E2, wato kuskuren tsaro (error) na mai cafka. Lamba 2 ta mai cafka ce, 1 ta mai jifa, amma PB ba ya shiga layin kurakuran tsaro. Ana sa E2 ne idan, alal misali, mai cafka ta ɗauki ƙwallo ta yi mummunar jifa zuwa tasha. Bambancin WP da PB yana da nauyi a lissafin mai jifa: makin da WP ya jawo a kanta yake, wanda ba don PB ba da bai shiga ba kuwa ba a ƙirga mata shi. Tausaya wa ɗaya zalunci ne ga ɗayar.

Na ƙarshe ya fi ruɗa sababbi. Mai bugu ta kuskure karo na uku, ƙwallo ta kuɓuce, tashar farko babu kowa ko kuma an riga an fitar da biyu, sai ta ruga tashar farko ta tsira. Mai jifa tana da K ɗinta duk da haka, wato alamar ta sa mai bugu ta kuskure sau uku, sannan a ƙara WP ko PB don bayyana yadda aka kai tasha. In mai cafka ta tsince ta ta jefa wa mai tsaron tashar farko, mai lamba 3, aka fitar da mai bugun, a rubuta K 2-3. Wasu gasannin ƙananan yara ba sa aiki da wannan doka sam, don haka a tambayi alƙalin wasa tun kafin jifar farko.