In zuma ta harbe ka a gindin amya

Masu ajiye amya biyu ko uku a gonakin bakin Gulbin Maradi, ga matakan bi.

1. Ka bar wurin da sauri. Warin harbin yana kiran sauran ƙudan.

2. Kankare ƙarin da farce nan take, don muddin yana maƙale a fata dafi na ci gaba da shiga. Cire zobe kafin yatsa ya kumbura, ka wanke da sabulu, ka ɗora tsumma mai sanyi.

3. Sai ka zauna kusa da mutane na minti 30. Kumburin wurin harbi ba abin tsoro ba ne. Amma in ƙaiƙayi ya bazu har tafin hannu, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebe ka, rai ne a hannu. A kwantar da kai a ɗaga ƙafafu. In numfashi ne matsalar, a bar ka zaune. Kada ka taka da ƙafarka, kada a tsaya jiƙa sassaƙe. A garzaya asibiti mafi kusa, allurar adirenalin a cinya ita ce magani.

4. Ko ka ji sauƙi, ka tsaya likita ya sa maka ido, abin yana iya dawowa bayan wasu awoyi. Kada ka koma amya kai kaɗai.