Idan aka fasa shagon maƙwabcinku a Ingila

'Yan uwa mazauna Ingila, mun ga abin da ya biyo bayan kisan yara mata uku a garin Southport a Yulin 2024: aka jefi masallaci, aka fasa shaguna a Hull da Middlesbrough. Idan irin haka ta sake faruwa, kafin a ɗauki tsintsiya a ɗauki hoton ɓarnar, a sanar da 'yan sanda. Dokar biyan diyyar tarzoma ta 2016 ta ba mai shago kwana 42 kacal ya nemi diyya, kuma wanda hankalinsa ya tashi ba ya tuna takarda. Ku zauna ku cike masa. Bayan nan, cefanen mako a wurinsa za a yi, ko da nisa. Jaje a WhatsApp ba ya biyan haya. Zagi ko barazana kuwa, a kira 101, layin 'yan sanda na abin da ba na gaggawa ba. Idan rai na cikin haɗari, 999.