Kurakuran da muke ta maimaitawa wajen koyar da yara a gida a nan Saudiyya

Duk shekara da zarar an kusa komawa makaranta sai wayata ta cika da saƙo iri ɗaya, daga Jidda, daga Makka, har daga Riyad: Hajiya dan Allah ya kike koyar da yaranki a gida, mu ma mun yanke shawarar cire namu. Ina amsawa daidai gwargwado amma wallahi na gaji, don sai na zauna na yi bayani tiryan-tiryan, mutum ya ce toh toh ya ji, bayan wani lokaci ya dawo min da kuka kan abin nan dai da na ce masa kar ya yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, duk wadda ta tambaya in tura mata.

Ban ga laifin mai son cire ɗansa ba, na san abin da ke kawo shi. Tun watan Yulin 2017 da aka ɗora wa baƙi kuɗin iyali, riyal 100 a wata kan duk wanda ke ƙarƙashin igamar maigida, wato katin izinin zamansa a ƙasar, abin ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da yara huɗu riyal 2,000 ke nan duk wata, bai biya haya ba, bai sayi shinkafa ba, balle a zo kan kuɗin makaranta. Wasu kuma tarbiyya suke ji wa, wasu yaron ne ba ya jin Larabci ana ta tsokanarsa a aji. Duk dalilai ne masu ƙarfi. A wajen fitar da yaron ne ake ɓata komai.

Kuskuren da ya fi ci min rai, don mu ya ci mu da tsada, shi ne a fita a bar takardu a baya. Lokacin da muka cire babban ɗana akwai ragowar kuɗin zango da makarantar ke binmu, muka ce in hali ya samu ma je mu biya mu karɓi fayil ɗinsa, ai yana nan ba inda za shi. Hali bai samu da wuri ba. Yaro yana karatu a gida, kuma karatu na gaske, ina zaune a kansa daga safe har azahar, lissafinsa ya wuce na sa'o'insa. Da muka tashi mayar da shi wata makarantar na haɗa wa Abbansa duk littattafan aikinsa a jaka ɗaya, na jera su aji-aji, har da takardun gwajin da nake masa da jan biro a jiki. Ya dawo da jakar yadda ya tafi da ita, ko zif ba a buɗe ba. Mutumin ofishin rajista ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya nuna masa inda sunan yaron ya tsaya a tsarin Noor, rumbun bayanan ɗalibai na Ma'aikatar Ilimi, daga nan ƙasa ba komai, ya ce ina shaidar aji na ƙarshe, ina takardar canjin makaranta. Bashin nan dai sai da muka biya shi, kuma aka sa yaron a ajin da ya riga ya wuce a gida, ya fi kowa tsawo, yana zaune can baya cikin ƙannensa. Yaron da ke tashi da zumuɗi ya koma sai an yi da gaske yake shan shayin safe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, saboda shi bai yi laifin komai ba, karatunsa ya yi.

To don Allah, kafin ki ce wa yaro daga gobe ba makaranta, a biya duk abin da ake binku ko da rance ne, a karɓi sakamakon kowane aji da hatimi a jiki, a karɓi takardar barin makaranta, kuma kar a cire shi a tsakiyar shekara, a bari ya kammala ajin a rubuta masa ya ci. Ni yanzu kowane yaro yana da fayil na roba mai launinsa daban a saman durowa: takardar haihuwa, kwafin fasfo da igama, katin rigakafi, sakamakon makaranta, kuma na ɗauki hoton kowace takarda na tura wa ƙanwata a Kano ta ajiye. Duk aikin da yaro ya yi sai ya rubuta kwanan wata a sama, na Miladiyya da na Hijira. Ƙarshen shekara ina samo malami daga waje ya yi musu gwaji ba tare da ina wurin ba, don uwa ba ta iya yi wa ɗanta maki tsakani da Allah, tausayi ba zai bar ta ba.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan yi faɗa, shi ne kallon bidiyon matan Amurka a YouTube a ɗauko maganarsu ɗungurungum. Sai ki ji mace ta ce ai 'yancina ne, ɗana ne, ba ruwan gwamnati. Haba 'yar uwa, a wace ƙasa kike zaune? Can Amurka doka ta yarda da karatun gida a duk jihohinsu 50, amma ko can ba ɗaya ba ne, a Teksas ba sai ka sanar da hukuma ba, a Niyok kuwa sai ka miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara. Jamus ta hana gaba ɗaya. Faransa tun 2022 sai an nemi izini an ba ka. Nan Saudiyya karatu tilas ne daga shekara 6 zuwa 15, kuma dokar kare yara da aka fitar a 2014 ta lissafa katse wa yaro karatu a cikin nau'o'in cutarwa da sakaci. Eh, baƙi da yawa suna koyar da nasu a gida, Turawa da 'yan Asiya da mu, amma ba ofishin da za ki shiga ki ce ga ɗana na koyar da shi a falo a buga masa hatimin ya gama aji huɗu. Ko gida Najeriya kika koma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu, kuma iyaye ta ɗora wa nauyin.

Ni fa ina tare da masu cewa iyaye ke da haƙƙin farko a kan tarbiyyar ɗansu, ban taɓa ja da wannan ba. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma za a tambaye mu kan abin da aka ba mu kiwo, mu za a tambaya kafin kowace ma'aikata. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ma, sashe na 26 ya ba iyaye fifiko wajen zaɓa wa 'ya'yansu irin ilimin da za a ba su, amma sashen nan dai shi ya ce karatun firamare tilas ne. Ke ke da zaɓin abin da zai shiga kan yaron, hatimi kuma yana hannun hukuma, kuma mu nan baƙi ne da igama a aljihu, ba mu da bakin jayayya. Saboda haka maigida ya tashi da ƙafarsa ya je ofishin ilimi na yankinku ya tambayi matsayin yaron da abin da za a nema in zai dawo, kar a dogara da an ce an ce na WhatsApp, don ƙa'idoji a nan suna canjawa da sauri.

Sai kuma 'yan uwanmu da ke unguwanni irin su Sharar Mansur da Hindawiyya waɗanda yaransu ba su da takarda ko ɗaya, su ba zaɓa suka yi ba, ƙofar ce ba ta buɗe musu ba. Abin da nake roƙonsu, ana koyar da yaro a gida ana bin maganar takardar haihuwa da fasfo a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, kar a bari sai ya fara gemu.

Na uku shi ne fara tafiya ba a san inda za a sauka ba. Na sha tambayar uwa, wace jarrabawa yaron nan zai rubuta in ya kai shekara 16, sai ta yi shiru ta ce ai da sauran lokaci. Ba sauran lokaci, amsar ita ce za ta gaya miki littafin da za ki saya yau. In jami'ar Najeriya kuke nufi, WAEC ko NECO ne da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan JAMB, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, to a yi wa yaro ita tun da wuri. Wanda bai bi ta makaranta ba akwai jarrabawar masu zaman kansu da WAEC da NECO ke yi, amma manhajarsu za ki bi, da tarihin Najeriya da ilimin zama ɗan ƙasa da yaron da ya tashi a Jidda bai taɓa ji ba. In tsarin Ingila ne, ana zama jarrabawar sakandare ta IGCSE ta hannun British Council a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, suna da ofis a Riyad da Jidda da Khobar, sai dai kowane darasi da kuɗinsa kuma ba arha, a fara tari tun yanzu. In kuma jami'o'in nan ne burinku, sai da shaidar sakandare da aka yarda da ita, ko Jami'ar Musulunci ta Madina da kowa ke yi wa ɗansa fata ba ta ɗauka da hadda kaɗai. Akwai wata maƙwabciyata da ta shekara da shekaru tana bin wata manhajar Amurka ta kyauta a intanet, yarinyar ta iya sunayen shugabannin Amurka a jere, da aka zo maganar WAEC sai da suka koma baya sosai. Kuma masu biyan makarantun intanet, kafin ki tura riyal ɗaya ki tambayi inda yaron zai je nan gaba ko suna karɓar shaidar wannan makarantar, ki sa su amsa miki a rubuce.

Yanzu bari in juyo kanku iyaye maza. Alhaji, ka ce a cire yara don a rage kashe kuɗi, ka fita tun asuba sai bayan isha'i, ka bar baiwar Allah da girki da wanki da goyo da aji uku a falo ɗaya, in yaro ya kasa karanta jimla ka ce me kike koya musu. Wannan zalunci ne, ka ji na faɗa. Kuɗin da ka tsira da shi ka cire wani abu ka ɗauko malamin lissafi ko na kimiyya, ranar Asabar da ba aiki ka zauna ka duba littattafansu da kanka. Mafi muni kuma shi ne gidan da za a mayar da babbar 'ya malama kuma mai raino, tana shekara 13 tana koyar da ƙannenta baƙaƙe nata karatun ya tsaya cak, in an yi magana a ce ai mace ce aure za ta yi. Ku ji tsoron Allah, wannan yarinyar ita ma amana ce, kuma ranar da za ta tambaye ku ina tata shaidar ban san me za ku ce mata ba.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Kar ki shiga kantin littattafai na Jarir ki kwaso littafin riyal dubu a rana ɗaya, littafin lissafi ɗaya mai kyau da na karatu ɗaya sun isa farawa. Kar ki kwaikwayi jadawalin makaranta na awa shida, mu daga Lahadi zuwa Alhamis muke yi, bayan karin kumallo zuwa azahar, lissafi da farko kafin kai ya gaji. Miƙa wa yaro waya a ce yana darasi ba koyarwa ba ce, ko darussan tashar Ain na Ma'aikatar Ilimi da ke YouTube kyauta, ni sai ina zaune a gefe ake kunnawa, mun ga abin da ya faru a 2020 lokacin korona da aka koma karatu ta intanet a dandalin Madrasati, yara na kwance kan gado malami na ta magana shi kaɗai.

Larabci kuma, abin kunya ne yaro ya tashi a Makka bai iya rubuta takarda da Larabci ba saboda an kulle shi a gida da Turanci, halƙar haddar Alƙur'ani ta masallacin unguwa bayan la'asar tana maganin wannan, kuma a can zai samu abokai, don yaron da ba ya ganin kowa sai bango da na'urar sanyaya ɗaki yana zama wani iri, in baƙo ya shigo sai ya ɓuya. Masu cewa hadda kawai ta isa da masu cewa boko kawai, duka biyun ina ce musu a haɗa, rana tana da faɗi. Hausa kuwa a gidana wajen cin abinci ba a yin wani yare sai ita, kuma duk ranar Alhamis kowa zai rubuta wa kakarsa wasiƙa ta layi biyar da Hausa, in gyara masa ƙa da ɗa da ɓa, sannan ya karanta mata ta waya.