Yadda ƙungiyar marubuta za ta gina wa labaranta shafin intanet

Akwai marubuta da suke ɗauko jaruman wani fim ko littafi da suke ƙauna su ƙirƙiro musu sabon labari, ko su ɗora daga inda mai labarin na asali ya tsaya. Irin wannan rubutu yana da manyan rumbuna a duniya, kamar FanFiction.net da aka buɗe a 1998, da Archive of Our Own wanda ya fara karɓar jama'a a 2009. Amma ƙungiyar da take sakin labaranta babi-babi a WhatsApp tana fama da matsala guda, wato babin da aka tura jiya yakan nutse cikin hira, wanda ya shigo daga baya kuma ba ya samun farkon labarin sai ya yi ta roƙo. Shafi mallakin ƙungiya yana kawar da wannan, kuma da wayar hannu ma ana iya haɗa shi.

Kafin komai, a buɗe adireshin Gmail da sunan ƙungiya, kada a yi amfani da na mutum ɗaya, sannan a danƙa kalmar sirrinsa ga amintattu biyu ko uku. Dalili kuwa shi ne zama tare ba ya rasa saɓani, kuma idan shafin yana kan asusun mutum guda, ranar da ya yi fushi ko wayarsa ta ɓata ya manta kalmar sirri, aikin kowa ya tafi.

Da wannan adireshi za a shiga Blogger, manhajar Google wadda kyauta ce, a zaɓi suna, a samu adireshin da ya ƙare da blogspot.com. WordPress.com ma yana da tsarin kyauta, sai dai yana sanya tallansa a shafin, shi ya sa na fi karkata ga Blogger. Daga sashen saiti ake gayyatar marubuta ta imel ɗinsu. A ba su matsayin marubuci kawai, wanda yake iya wallafa nasa da gyara shi amma ba ya iya taɓa na wani, a bar matsayin mai kula ga shugabanni.

Babban aikin yana wajen jera babi, kuma nan ne yawancin shafuka suke lalacewa. Blogger yana sa sabon rubutu a sama, saboda haka baƙon da ya shigo zai ci karo da babi na 20 kafin ya san inda labarin ya faro. Maganin wannan shi ne kowane labari a buɗe masa tsayayyen shafi nasa, wanda zai ƙunshi sunan labarin, sunan alƙalamin marubucin, taƙaitaccen bayani, da jerin babi daga na farko zuwa na ƙarshe, kowanne da mahaɗin da za a latsa. A ƙarshen kowane babi kuma a sa mahaɗi zuwa na baya, da na gaba, da shafin jerin. Wannan aikin hannu ne mai gajiyarwa, kuma duk ranar da aka saki sabon babi dole a koma a gyara na jiya, don haka ya fi kyau a ɗora nauyinsa a kan mutum ɗaya mai haƙuri. Taken babi ya riƙa bin tsari iri ɗaya, sunan labari sannan lamba, kuma a liƙa wa kowane rubutu alamar sunan marubuci da nau'in labari domin masu bincike.

A zaɓa wa shafin fuska mara nauyi, wato tsarin kamanninsa, fari da baƙin rubutu, tunda yawancin masu karatu da waya suke shiga kuma data tana da tsada. Kafin a tsayar da salon rubutu, a gwada jimla mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu salon ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai su fito a karkace ko su zama akwati. Salon da ake kira Noto Sans yana ɗauke da su duka. A adireshin kowane babi kuwa, gara a rubuta da k da d da b zalla. Rubutun da aka kwafo daga WhatsApp yakan zo da taurarin da aka yi amfani da su wajen kaurara kalma, sai a share su a gyara sakin layi.

Tunda jaruman na wani ne, a bayyana haka a saman kowane labari, kuma kada a sayar da labarin ko a sa talla a kansa, domin neman kuɗi da haƙƙin wani yana iya jawo ƙara. A nemi amincewar kowane marubuci a rubuce kafin a wallafa aikinsa, a kuma sa gargaɗi a kan labarin da bai dace da yara ba.

Duk ƙarshen wata a sauke kwafin shafin gaba ɗaya daga sashen saiti, a ajiye shi a wuri biyu. Idan daga baya ƙungiya ta so adireshi nata na kanta mai ƙarewa da .com.ng, ana saye ne daga kamfanonin da NiRA, cibiyar da take kula da adiresoshin intanet masu ƙarewa da .ng, ta amince da su, kuma ana sabunta shi duk shekara, don haka a tanadi kuɗin a cikin gudummawar ƙungiya tun kafin wa'adin ya cika.