Yadda za ku nemi burs (tallafin karatu) na ƙarasa tez

'Yan'uwa a cikin Almasihu masu karatun doktora a Marwa da Ngawundare, in kuɗi ya yanke muku a tsakiyar tez, wato kundin bincikenku, ga abin yi.

Ku fara da duba shafin intanet na ƙungiyar Langham, ita ce ta samo asali daga asusun da John Stott ya kafa a Ingila a 1969, tana tallafa wa masu doktora a tauhidi, sharaɗinta ku dawo gida ku yi wa ikilisiya hidima. Ku karanta ƙa'idojin da kyau tukuna.

Sai haɗa dosiye, wato takardun nema, kuma nan ne aikin yake gaskiya. Wasiƙar malamin da ke duba aikinku da ta shugaban ikilisiya, ku roƙe su tun wata 2 kafin ranar rufewa, ku je da ƙafarku ku gaishe su, saboda Baba Fasto yana iya tafiya ƙauye wa'azi wayarsa ba ta shiga, ku kuma kuna zaune ido a hanya.

Ku rubuta babi nawa ya rage da watan gamawa. Kasafi a sefa, har kuɗin buga takardu.

Ku tura da wuri, kar wuta ta ɗauke ranar ƙarshe.