Yadda ake shirya mota mai ɗaki kafin tafiya daga Legas zuwa Arewa

Mota mai ɗaki, wadda ake kwana a ciki har a dafa abinci, ba ta da yawa a titunan Legas. Akwai 'yan ƙalilan da aka shigo da su ta tashar Apapa ko Tin Can, sai kuma Hiace da Coaster da Sprinter da masu su suka cire kujeru suka sa gado da murhu da tankin ruwa. Kowace iri ce taka, ka sani bakanike injin kawai zai duba ya ce maka komai lafiya. Ɓangaren ɗaki, wato gas da wuta da lodi, kai ne za ka tsaya a kansa, kuma a ganina nan ne haɗarin ya fi ɓuya.

Ka fara shiri tun saura mako biyu, don in akwai abin da za a nemo a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a samu lokaci.

Abu na farko taya. Irin wannan mota ta fi zama a ajiye fiye da tafiya, kuma tayar da ta daɗe a tsaye cikin rana tana lalacewa ko da zanenta na nan kamar sabo. Ka durƙusa ka duba gefenta da kyau: in ka ga ƙananan tsaga a jikin robar, ko wani wuri ya kumbura, canja ta, kada mai faci ya lallashe ka. Sai ka nemo lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar. Idan ka ga 2321, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, kuma tayoyin tokunbo da yawa sun wuce haka tun kafin su iso. A auna iska da safe, kafin mota ta motsa, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Safaya ma a sauko da ita a auna, a kuma gwada jak ɗin a ga ko zai ɗaga motar da kayanta.

Daga nan sai gareji. A canja baƙin mai da filta, a duba ruwan lagireto da robobinsa, da fanbel, da batir. Man birki yana jan laima, ga Legas da danshi, don haka in ya kai shekara biyu a zubar a sa sabo. Ka sa a shiga ƙarƙashin motar a duba bututun birki da salansa, domin iskar bakin teku tana saurin cinye ƙarfe da tsatsa. Fitilu, sigina, waifa da hon, minti biyar sun isa.

Yanzu mu shiga ɗaki. Ka kaɗa sabulu a ruwa, ka buɗe tukunyar gas, ka shafa kumfar a kan ragileta da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda kumfa ta fara tasowa, nan yake yoyo. Kada ka kuskura ka gwada da ashana. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa akwatin tukunyar yake buƙatar ƙofar iska daga ƙasa. In mai walda ya toshe ta, a buɗe. Tukunya ta tsaya a tsaye, a ɗaure ta tam, kuma a rufe ta kafin mota ta tashi, kowane lokaci.

Janareta kuwa, don Allah kada a kunna shi a cikin mota ko dab da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe iyalai gaba ɗaya cikin barci a ƙasar nan. Ka sayi ƙaramar na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, ka liƙa ta kusa da gado. In motar daga Amurka ta zo, wayoyinta na bolt 120 ne, namu kuma 230, sai mai gyaran wuta ya gani kafin ka jona komai.

Lodi shi ne inda mutanenmu suka fi sakaci. Mai zuwa gida ba ya rasa tsaraba, ga saƙon 'yan uwa daga Agege da Idi-Araba, kowa da ƙunshinsa. Amma kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 ya kai buhun siminti biyu. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wanda ya jibga buhuna a saman rufi zai ji motar tana tangaɗi a kwana. A kulle kowace durowa da firji, tukwane da wuƙaƙe a ɗaure su, domin in aka taka birki da ƙarfi duk abin da ba a ɗaure ba gaba zai yo. Kuma kada a bar yara su kwanta a gado mota na tafiya, kowa ya zauna a kujera mai bel.

Takardu a haɗa su wuri ɗaya: lasisin tuƙi, rajistar mota, inshora, shaidar ingancin mota, da takardar kwastan. Na'urar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku dole ne, za a tambaye ka a hanya. Ƙara akwatin taimakon gaggawa da tocila. Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122, ta gaggawa kuma 112.

Kwana biyu kafin tafiya, ka loda motar kamar yadda za ta tafi, ka bi titin Ibadan zuwa Shagamu ka dawo. A nan za ka gane tazarar da birki ke buƙata, ka ji abin da ke ƙara. Ka auna tsayin motar daga ƙasa har saman rufi, ka rubuta a gaban sitiyari saboda ƙofofin gidan mai da na otal.

Sai zaɓen hanya. Ko ka bi Ilori, Jabba da Mokwa, ko ka bi Akure, Okene da Lokoja ka fito Abuja. Kada ka dogara da taswirar waya kaɗai. Je tasha a Agege ko Mile 12 ka tambayi direbobin da suka sauko cikin makon, su suka san inda hanya ta lalace da inda tsaro ya taɓarɓare. Ka fita bayan sallar asuba kafin Berger, wato bakin fita daga Legas, ta cushe, ka raba tafiyar kwana biyu, ka tsaya kafin magariba. Ko da gadonka na cikin mota, kada ka kwana a bakin titi. Nemi harabar otal mai maigadi ka biya kuɗin ajiye mota, sannan ka kira gida ka faɗa musu garin da ka sauka.