Yadda nake gwada juriyar yis ga gubar kadmiyam

Ɗalibai kan zo mini suna zumuɗin na'urori masu tsada, ni kuwa da farantin rainon yis nake fara musu. Yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, yana da ƙwayoyin gado kusan 6,000, amma aikin guda ɗaya daga cikinsu, mai kare yis daga gubar ƙarfen kadmiyam, za ka gani da idonka cikin kwana uku.

Samo iri biyu: lafiyayyen yis, da wanda aka cire wa ƙwayar gadon YCF1. Raine su dare guda a ruwan YPD, wato abincin rainon yis, a zafin digiri 30. Da safe ka daidaita kaurinsu ya zo ɗaya, sannan ka tsarma kowanne kashi ɗaya cikin goma, sau huɗu a jere.

Faranti biyu za ka zuba wa abincin da aka haɗa da agar, abin da ke daskarar da shi. Ɗaya ba ƙarin komai, ɗayan da gishirin kadmiyam, maikuromola 50. Bari agar ta huce zuwa digiri 55 kafin ka sa gishirin, ka juya sosai. Ɗiga maikurolita 5 daga kowane tsarmi, ka bar ɗigon ya bushe tukuna, ka kife farantin. Mai gaggawa ɗigonsa kan gauraye, ya koma kunu.

A kan kadmiyam, lafiyayyen zai tsiro ko da da kyar, wanda ba shi da YCF1 kuwa sai ya ɓace tun ɗigon tsarmin farko ko na biyu. Dalili: gubar na shiga, furotin Yap1 ya kunna ƙwayoyin gadon GSH1 da YCF1. Na farko yana ƙara glutatayon, sinadarin da ke ɗaure kadmiyam, na biyun yana samar da famfon da ke tura ɗaurarren cikin bakiyol, rumbun ajiyar ƙwayar. In famfon babu, gubar ta yi ta yawo a cikin ƙwayar yis ɗin. Amma duba farantin da ba gishiri tukuna. In can ma bai tsiro ba, yis ɗinka ne mara lafiya.

Jan ƙarfe hanyarsa daban ce: furotin Ace1 ke kunna ƙwayar gadon CUP1, wadda furotinta ke kama ƙarfen. Na taɓa ɓata mako guda ina gwada shi a YPD, ashe abincin ne ke riƙe jan ƙarfen. In jan ƙarfe za ka gwada, yi amfani da haɗaɗɗen abincin yis da ake kira SC maimakon YPD.

Faranti da ruwan kadmiyam kuma, a kwandon sharar guba za ka zuba su, da safar hannu.